Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan uwana Hausawa masu aikin kula da tsofaffi a Ingila

Assalamu alaikum yayyena da ƙannena, maza da mata, musulminmu da kiristanmu, duk wanda Allah ya kawo ƙasar nan yake aikin kiya, wato aikin kula da mutane, a gidajen tsofaffi, ko dare kake yi ko rana, ko ɗaukar dindindin aka yi maka ko ejansi ce take turaka yau nan gobe can. Ya aiki, ya sanyi, ya kewar gida. Allah ya sa mu gama lafiya.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu, maganar faɗuwar tsofaffin da muke kula da su da kuma yadda ake rufe ta. Ina roƙonku don girman Allah, idan tsoho ko tsohuwa ta faɗi a shif ɗinku ku faɗa, ku rubuta yadda abin ya faru ba ƙari ba ragi, kar a cicciɓe ta a mayar kan gado a ja bargo a yi shiru. Kuma kar wanda ya sa hannu a kan aikin da bai yi ba, ko waye ya ce ya sa.

Na san inda matsalar ta samo asali a wajen da yawanmu. Mu a gida tsoho ya yi tuntuɓe ya faɗi sai a ruga a ce sannu Baba, a kama shi a tayar, a shafa masa man zafi, in wurin ya kumbura gobe a kira mai ɗori. Da wannan tunanin muka shigo aikin, kuma ba mugunta ba ce, tausayi ne ma yake sa ka kasa ganin babba a ƙasa ka tsaya kallo. To amma mutanen da ke gidajen nan yawancinsu sun haura 80, wasu 90 da ɗoriya, ƙashinsu ya zaizaye ta yadda zamewa daga bakin gado kawai sai ta karya ƙugu, ga shanyewar ɓarin jiki ga gigin tsufa ga magunguna barkatai da suke sha safe da dare. Hukumar lafiya ta NHS ta ce cikin mutum uku da suka wuce shekara 65 ɗaya yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, waɗanda suka wuce 80 kuwa rabinsu ne, kuma wanda ke gidan kula da tsofaffi ya fi na gidansa faɗuwa har wajen ninki uku. Karayar ƙugu kuma ba ƙaramin abu ba ce a wannan shekarun, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu ba sa ƙara shekara a duniya, ba lallai karayar ce take kashe su kai tsaye ba, kwanciyar da ke biyo baya ce, ciwon huhu, gudan jini, gyambo, mutum ya daina cin abinci shikenan. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ne faɗuwa take kashewa duk shekara kuma 'yan sama da 60 ne suka fi yawa a ciki.

Akwai abin da na gani da idona a wani gida da na taɓa aiki, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na karɓi aiki da safe, a wajen miƙa aiki aka ce kowa ya kwana lafiya ba wani abu. Na shiga ɗakin wata tsohuwa mai gigin tsufa, mace ce mai son hira da waƙe-waƙe, kullum in na buɗe labule sai ta tambaye ni ko an yi ruwa, ranar kuwa ta yi tsit ta ƙanƙame bargo da hannu biyu tana wani irin numfashi sama-sama. Da na yaye bargon zan canza mata famfas sai ta ƙwalla ƙara, na duba na ga ƙafarta ta hagu ta fi ɗayar gajarta kuma tafin ya kwanta ya juya waje, ga shatin yatsu a hammatarta duka biyun ya fara yin baƙi. Silifas ɗinta ɗaya yana bakin ƙofar bayi. Ba sai an gaya maka ba, cikin dare ta tashi fitsari ta faɗi, aka ɗaga ta ta hammata aka mayar, aka rubuta tana barci lafiya a kowane zagaye. Baiwar Allah nan ta kwana da karyayyen ƙugu ba ko farasitamol, kuma ba ta da bakin da za ta faɗi abin da ya same ta. Ta tafi asibiti, ba ta ƙara taka ƙafarta ba.

Waɗanda suka yi daren nan ba azzalumai ba ne a yadda na san su, tsoro ne. Kuma na san tsoron nan ciki da waje don ni ma da bizar aikin nake zaune. Tun da aka buɗe wa masu kiya ƙofa a Fabrairun 2022 mutanenmu suka yi ta shigowa, wani ya sayar da fili wata ta sayar da gwal ɗinta wani bashi ya ciwo ya ba ejan miliyoyi, ka zo ka tarar bizarka a ɗaure take da kamfani ɗaya, in suka sallame ka ko gwamnati ta ƙwace lasisinsu yawanci kwana 60 ake baka ka samu wani ko ka tattara. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 kaɗai lasisi sama da 470 aka soke a ɓangaren kiya. Tun Maris 2024 aka hana sababbin zuwa kawo iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko masu kiya daga waje gaba ɗaya, to duk wanda yake ciki yanzu riƙe yake da aikinsa da hannu bibbiyu, ga haya ga kuɗin makarantar yara ga waya daga gida kullum. Mutum a wannan halin ya tarar da tsohuwa a ƙasa ƙarfe uku na dare, abin da zai fara zuwa ransa shi ne wayyo za a ce laifina ne. Na fahimta wallahi. Amma ku saurare ni, faɗuwa ita kaɗai ba kasafai take cin aikin mutum ba, kowa ya san tsofaffi suna faɗuwa ko a gidan da ya fi kowanne kyau, akwai fom ɗinta akwai tsarinta. Ɓoyewar ce take kai mutum gaban 'yan sanda. Likitan ƙashi yana ganin hoto da kumburi ya san ba yanzu abin ya faru ba, tabarmar ƙararrawa mai kuka in an taka ta da wayar da muke shigar da bayani duk suna ajiye lokaci, wasu gidajen ga kyamara a baranda, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da aka koya mana a tirenin mu riƙe shi da gaske, ba na cike takarda ba ne kawai. Kin tarar da mutum a ƙasa, ki danna ƙararrawar gaggawa ki durƙusa kusa da shi ki yi masa magana, ki duba numfashi, jini, inda yake cewa yana masa ciwo, yanayin ƙafafu, kar ki motsa shi sai nas ko siniya, wato babbar mai kiya ta shif, ta duba. In ba wanda ya ga faɗuwar to a ɗauka ya bugu a kai har sai an tabbatar ba haka ba. Wannan wurin ne ya fi ba ni tsoro saboda da yawansu suna shan maganin tsinka jini irin su warfarin da apixaban, mai shan waɗannan zai iya buguwa a kai ya tashi garau yana dariya yana shan shayi, jini kuwa yana tsiyaya a hankali a cikin ƙoƙon kai, sai bayan awanni ko kwanaki a ga yana ta barci ko yana amai ko magana ta harɗe, lokacin an makara. In an san ya faɗi za a kira lambar gaggawa 999 ko lambar neman taimakon NHS 111 a kai shi a yi masa hoton kai, a dinga duba shi akai-akai. In kika ɓoye, kin hana shi wannan damar ke nan, wanda zai karɓe ki da safe zai ga yana barci ya ce gajiya ce. Kuma in motar asibiti ta yi jinkiri, ai mun san tana yi musamman da hunturu, kar a bar shi shi kaɗai a kan tayil mai sanyi, a rufe shi da bargo wani ya zauna da shi, in yanayinsa ya canza a sake bugawa a gaya musu, don daɗewa a ƙasa sama da awa ɗaya ita ma cuta ce, tsoka tana lalacewa ƙoda ta taɓu jiki ya yi sanyi.

Sai kuma abin da ke faruwa kafin faɗuwar, wanda a ganina nan ne sakacin yake zaune. Me yake tayar da tsoho cikin dare? Yawanci fitsari ne. Ya danna ƙararrawa minti goma minti ashirin ba kowa, mutumin da ya yi shekara 80 yana kai kansa bayi ba zai yarda ya jiƙa gado ba, kunya ba za ta bar shi ba, sai ya yunƙura da kansa a cikin duhu. Ku biyu ne a hawa guda da mutum ashirin da wani abu, kuna ɗakin wani da sai mutum biyu suke iya juya shi, wannan ba laifinku ba ne laifin mai gidan ne da ya ƙi ɗaukar ma'aikata. Amma akwai namu. Na sha shiga ɗaki na tarar an rataye igiyar ƙararrawa a bayan gado inda hannu ba zai kai ba saboda wai Baba ya cika dannawa. Na sha tarar da tabarmar nan da ake shimfiɗawa a gaban gado mai kuka in an taka ta an zare ta daga soket ko an tura ta ƙarƙashin gado saboda tana damun mutane. Haba jama'a. Tabarmar nan fa ita ce bakin wanda ba ya iya kira. Ƙarfen dogarawa an ajiye shi can jikin taga don a samu wurin wucewa da kwandon wanki, tabarau yana cikin durowa, abin ji na kunne batir ya mutu tun makon jiya, silifas ya saki yana jan ƙasa, an goge ƙasa ba a sa alama ba. Duk waɗannan ba sa bukatar manaja ko kasafin kuɗi, kafin ki fita ɗaki ki waiga sau ɗaya kawai, ƙararrawa a hannunsa, ruwa kusa, ƙarfe kusa, gado an sauke shi ƙasa, tabarma a jone.

Kuma mu da muke wanke su muke ciyar da su mu ne muke fara ganin canji kafin nas kafin likita. Tsohuwar da jiya take lafiya yau ta rikice tana neman hanyar fita tana tangaɗi, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko rashin shan ruwa ko ta kwana biyu ba ta yi bayan gida ba. Wanda aka ƙara wa maganin barci ko na hawan jini satin nan zai iya ganin jiri in ya miƙe, a bar shi ya zauna a bakin gado tukuna kafin ya tashi. Ku faɗa, ku rubuta, ku sake faɗa a wajen miƙa aiki ko da za a ce kun cika surutu. Shingen gado ma da wasu suke ɗagawa da kansu wai don kar mutum ya faɗo, in ba ya cikin tsarin kulawarsa kar a taɓa, mai gigin tsufa haurawa zai yi ya faɗo daga sama, wasu ma sun maƙale a tsakanin ƙarfen da katifa sun mutu. Na'urar ɗaga mutum kuwa in an rubuta mutum biyu to mutum biyu ne, duk wanda ya ce miki yi kawai ke kaɗai ai kin iya, ranar da majanyin ya zame ba za ki gan shi ba.

Maganar fom. Juyi duk bayan awa biyu ko huɗu, zagayen dare, ruwan da aka sha, famfas da aka canza. Mun san yadda ake yi a wasu wuraren, ƙarshen shif a zauna a cike komai a jere kamar an yi. Gyambon kwanciya ba ya karanta fom, in ba a juya mutum ba bayansa zai buɗe, kuma ranar da aka zo bincike sunan da ke jikin takardar shi za a kira, ba na wanda ya rage ma'aikata ba. In ba ki samu yi ba ki rubuta ba a yi ba saboda mu biyu ne kuma muna ɗakin wane daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Wannan rubutun shi ne yake kare ki, shi ne kuma hujjar da za ta tilasta a ƙaro mutum. Duk takardar da muka cike da ƙarya muna gaya wa mai gidan ne cewa mutum biyu sun isa.

Wanda yake ganin ina zuzuta abin ya nemi labarin Orchid View, wani gidan tsofaffi a Copthorne cikin West Sussex na kamfanin Southern Cross. An rufe shi a 2011, a 2013 kotun binciken musabbabin mutuwa ta duba mutuwar mutum 19 da suka zauna a gidan ta ce sakaci yana da hannu a biyar daga ciki. Abubuwan da aka bayyana a zaman su ne dai irin waɗanda nake lissafawa, ƙararrawa tana ta kuka ba mai zuwa ko an ajiye ta inda hannu ba ya kaiwa, mutane cikin ƙazanta an bar su, ma'aikata ba su isa ba. Kuma hukumar CQC mai sa ido ta taɓa ba gidan shaidar yana da kyau kafin nan. Ma'aikaciyar ofis ce ta tona, bayan an sa ta lalata takardun magani na wata tsohuwa da aka ɗura wa maganin tsinka jini fiye da ƙima, ta kira 'yan sanda. Da ta yi shiru Allah kaɗai ya san mutum nawa za su ƙaru.

Doka kuma ba wasa. Tun 2015 akwai dokar da ta ce ma'aikacin kula da ya wulaƙanta ko ya yi sakaci da gangan da wanda yake kula da shi zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyar, shi ma kamfanin ana iya gurfanar da shi. Ga hukumar DBS mai tantance tarihin ma'aikata da za ta iya sa sunanka cikin waɗanda aka haramta wa aikin kwata-kwata. Ɗan ƙasa ya shiga wannan ya sha wahala balle mu da biza. Kuma doka ta wajabta wa gidan ya gaya wa mutum ko iyalansa gaskiya in wani mummunan abu ya same shi, ba alfarma ba ce. Ko babu dokar Turawa ma, amana ce aka damƙa mana, 'ya'yansu sun tafi sun kwanta da yaƙinin akwai mai dubawa, kuma amana ba ta tambayar addinin mai ita ko launin fatarsa. Kuɗin da muke turawa gida iyayenmu suke ci suke sa mana albarka daga wannan aikin yake fitowa, ina so ya zama mun ci halak ɗinmu.

Yayyenmu da Allah ya ɗaga, siniyoyi da nas-nas da waɗanda suka zama manajoji, ku ma da ku nake. Yarinya sabuwar zuwa ta zo ta ce miki Anti wance ta faɗi, in kika hau ta da faɗa a gaban mutane kin koya mata gobe ta ɓoye. In kika ce mata bari kawai kar ki rubuta za mu lura da ita, kin jefa ta a rami kin jefa tsohuwar. Ku ne kuke da bakin magana a ofis, ku dinga kai maganar ƙarancin ma'aikata a rubuce ta imel ba a baki ba.

In kun faɗa a ciki an yi biris, akwai waje. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen kare manya masu rauni, dokar kulawa ta 2014 ta ɗora musu bincike in aka kai rahoton sakaci. Ana iya kai wa CQC rahoto ba tare da an faɗi suna ba, wanda yake Sikotland ko Wales ko Ireland ta Arewa su ma kowa da tasu hukumar. Akwai dokar 1998 mai kare ma'aikacin da ya tona ɓarna, akwai ƙungiyar Protect da ke ba da shawara kyauta a kan haka. Ba zan yaudare ku in ce ba a tsangwamar wanda ya yi magana ba, ana yi, a rage maka shif a canza maka fuska, kuma dokar nan ba ita za ta sabunta maka biza ba. Shi ya sa nake cewa ku shiga ƙungiyar ƙwadago irin su Unison ko GMB tun kafin matsala ta zo don ba kasafai suke karɓar rigimar da ta riga shigarka ba, ku dinga ajiye kwanan wata da lokacin da kuka kai ƙorafi da wanda kuka gaya wa, amma ban da ɗaukar hoton tsofaffi ko takardunsu a wayarku, wannan shi ma laifi ne babba kuma don Allah a daina tura irinsu a guruf.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na Arewa a London da Manchester da Birmingham da sauran garuruwa, da masu riƙe da guruf-guruf na WhatsApp, ina roƙon a taron da za a yi nan gaba a ware ko awa ɗaya ce a kan wannan. Muna da nas-nas muna da likitoci muna da lauyoyi a cikinmu, a samu nas ta nuna wa sababbi da Hausa abin da ake yi in an tarar da mutum a ƙasa, a samu lauyan shige da fice ya yi bayanin yadda ake canza kamfani in zama ya gagara, a kuma haɗa sunayen waɗanda mutum zai iya bugawa ko tsakar dare ne ya ce ga abin da ya faru me zan yi. Ni a shirye nake na zo ranar da ba ni da aiki.

Wassalam,
'yar uwarku mai aikin kiya a arewacin Ingila